Attarugun Kande da Igiyar Guga

Ku gyara zama. Mai waya a hannu ya sa ta a aljihu, don ba zan maimaita ba. Yau ba labarin dariya na zo muku da shi ba, hukunci na zo nema, kuma tun yanzu ina gaya muku raina a ɓace yake. Sati uku ke nan ina juya maganar nan, duk ta inda na ɗauko ta sai ta ƙona mini hannu.

Malam Sallau abokina ne tun muna yara a nan garin Ƙirya. Malamin gona ne, shekara talatin da biyar yana yawo ƙauye-ƙauye yana koya wa mutane noma. Da ya yi ritaya sai ya koma bayan gidansa ya kafa lambu. Ba wani babban lambu ba ne, fangali goma sha biyu ne da rijiya ɗaya a tsakiya, an kewaye da katangar ƙasa, an sa ƙofar langa-langa. Amma ku zo ku ga abin da ke ciki! Alayyafo, yakuwa, kuɓewa, tumatir, albasa, lansir, ga ɗaiɗoya da na'a-na'a a gindin rijiya, ƙamshinsu har kan titi. Bai taɓa sayar da ko ganye ɗaya ba. Duk wanda ya yi sallama ya shiga ya tsinka. Rabin unguwar nan da ganyen Sallau suke kaɗa miya, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya kawo bokiti ya taya shi ban-ruwa ba.

A cikin fangalin nan akwai guda biyu da yake ji da su kamar ransa, na attarugun Kande. Kande matarsa ce, shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Ranar da aka kawo ta gidan tana amarya, da irin attarugun nan ta zo, a ƙulle a bakin zane, na mahaifiyarta. Ɗan ƙarami ne, ja mai ratsin ruwan ɗorawa, yajinsa ba na mugunta ba ne, ƙamshinsa kuwa in an jefa ɗaya a tukunya maƙwabta sai sun sani. Shekara arba'in tana zaɓen 'ya'yan da suka fi kyau, ta shanya, ta ɓare, ta zuba a wani tsohon gwangwanin madara. Da ta tafi, Sallau ya ci gaba. Garin nan kaf an ci attarugun Kande, amma babu mahaluƙin da ya taɓa ajiye irinsa. Me zai sa su wahala, ga Malam? 'Ya'yansa biyu suna can Kudu suna aiki, ba su san bambancin rama da yakuwa ba. Abin da ya rage wa mutumin nan na matarsa a duniya ke nan.

Sai maganar hawan dutse. Likita ne ya ce masa jininsa yana hawa, ya riƙa tafiya a ƙasa. Shi kuma Sallau ba ya yin abu rabi-rabi, sai ya ɗaura aniyar hawan Dutsen Ƙirya duk ranar Asabar. Da farko mutane dariya suka riƙa yi, suna tambaya me aka ajiye masa a can sama. Daga baya mutum uku suka bi shi. Akwai Ladidi, ɗiyar ƙanensa, malamar firamare, wadda gidanta ke kallon nasa. Akwai Tanimu tela, wanda Malam ya ɗauka kamar ɗa tun rasuwar mahaifinsa. Sai Nomau mai haƙar rijiya, maƙwabcinsa katanga ɗaya, wanda shi ya haƙa rijiyar lambun da hannunsa. Suna haɗuwa a gindin tsamiyar bakin gari bayan sallar asuba, su hau, su zauna a kan falalen dutse su sha shayin na'a-na'a su ci ƙosai, su sauko kafin rana ta yi zafi. Doka ɗaya Malam ya kafa: ba a hawa mutum ɗaya, kuma wanda ba zai zo ba ya faɗa tun ranar Juma'a. Shekara biyar suna haka.

To, akwai abin da aka ajiye masa a sama, masu dariya ne ba su sani ba. A bayan dutsen akwai wani kogo na jemagu, kuma duk mai lambu ya san babu takin da ya kai kashin jemage. Malam ya ɓoye hanyar kogon, don ya san halin mutanenmu, in suka ji, rana ɗaya za su kwashe shi da amalanke. Duwatsun wajen duk kama ɗaya ne, don haka yakan ƙulla kan ciyawa a wuraren da ake juyawa. Tanimu kaɗai yake bin sa can don ya ɗauko masa buhu. Ladidi tsoron jemage take yi. Nomau kuwa ya ce shi kwana shida yana cikin rami, ba zai ƙara da na Asabar ba.

Ana tsakiyar bazarar bana, attarugun Kande ya fara fure, sai ganyensa ya soma yin fari-fari. Malam ya duba ya ce yunwa ce, taki yake so, kuma a cikin satin nan. Ya gaya musu su ukun ranar Asabar za a je kogo. Kowannensu ya ce Allah ya kai mu. Babu wanda ya ce uffan ranar Juma'a.

Ku ji abin da suka yi da safiyar Asabar ɗin, don daga baya duk sun faɗa da bakinsu.

Ladidi fushi take yi. Ranar Alhamis kajinta sun tsallaka sun tone masa fangalin latas, ya yi mata faɗa a gaban 'ya'yanta. Da asuba ta ji shi ya tsaya a ƙofar gidanta ya yi sallama har sau uku. Idonta biyu, tana zaune a kan sallaya. Ta yi shiru, ta hana kowa amsawa. Ta ce a ranta ai ga Tanimu ga Nomau, yau ɗaya ba da ita ba bai zama komai ba. Baffanta, wan ubanta, yana tsaye a ƙofa yana sallama, a kan kaji!

Tanimu kunya ce ta kama shi, irin kunyar banza. Zuwan da suka yi na baya, ya dawo da buhu a ka, abokansa na bakin kasuwa suka toshe hanci, suka sa masa suna dillalin jemagu. Sati guda suna yi masa. Sai ya kashe wayarsa tun da asuba, ya shige shago ya ja ƙofa, ya ce ai Nomau ƙato ne, yau shi ya ɗauki buhun mana. Mutumin da ya saya masa keken ɗinki na farko, shi ya guje wa saboda wari.

Nomau kuma, sandar Malam ce a hannunsa. Wata gora ce mai ƙarfe a gindi, wadda Malam ke dogarawa a wuraren santsi. Ya are ta zai kaɗo mangwaro, ta karye biyu. Maimakon ya je ya faɗa, sai ya jefa ta bayan rumbu, ya sulale tun duhu-duhu ya tafi gidan surukansa da ke ƙetaren rafi, wai gaisuwa. Ya ce ai Ladidi da Tanimu suna nan. Ƙaton mutum mai gemu, ya gudu a kan sanda.

Shi ma Sallau ban ƙyale shi ba, na gaya masa a gaban idonsa. Ya zauna a gindin tsamiya har rana ta fito, bai ga kowa ba. Mai hankali da sai ya koma gida. Amma zuciya ta ɗebe shi, ga taurin kai irin na tsufa, ga attarugu yana jira. Shi da ya kafa doka, shi ya fara taka ta. Ya saɓa buhu, ba sanda, ba waya don a gida yake barin ta, ya kama hanya shi kaɗai, mutum mai shekara saba'in da ɗaya. Ya isa kogo lafiya, ya cika rabin buhu. A wajen fitowa akwai wata tsaga a tsakanin duwatsu biyu, zurfinta ya kai tsayin mutum uku, bakinta duk santsin kashin jemage. Nan ne kullum yake kafa sanda. Ya kai hannu babu abin dogarawa, ƙafa ta zame, ya tafi ciki da buhunsa. Ƙafar dama ta karye a ƙasan gwiwa. Gorar ruwansa ta fashe. Ya yi kira har murya ta dushe, babu mai ji sai jemagu.

Yanzu ku saurari yadda aka cece shi, kuma ku saurara da kyau, don a nan shari'ar take.

Dab da azahar Ladidi ta shiga lambun. Kada ku ce tausayi ya kai ta, alayyafon miya ta je tsinka, fushi bai hana ta wannan ba. Tana shiga ta tsaya cak. Akwai fangalin da Malam ke renon iri kafin a dasa. Da bazara yakan ɗage masa zana da asuba don ya sha ranar safe, ya mayar kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Shekara biyar ko rana ɗaya bai taɓa saɓawa ba, saboda wannan ne ma suke saukowa da wuri. Ga zana jingine da katanga, ga 'yan tsirrai sun kwanta sun yi laushi. Ta duba ƙusar da yake rataye buhu, babu buhu, babu ɗan shebur, babu tocila. Ta ja zanar ta rufe, ta fita a guje ko mayafi bai zauna ba. Ta buga shagon Tanimu kamar za ta ɓalle ƙofa. Ya leƙo ya ce ƙila Malam ya wuce wajen suna ne. Ta tarar da Nomau ya dawo yana shirin alwala, ya ce wataƙila yana kasuwa.

"Wace kasuwa?" in ji ta. "Baffa zai bar dashe a rana ya tafi kasuwa? Ko gobara ake a garin nan sai ya dawo ya rufe shi. Wallahi yana kan dutse, kuma ba lafiya ba. In ba za ku tashi ba ni zan tafi ni kaɗai, ku zauna ku ji da kunyarku!"

A nan ne kowa ya gane ɗan'uwansa ma bai je ba. Mutum nawa suka wuce ta ƙofar lambun nan a ranar? Mata nawa suka shiga tsinkar ganye? Babu wanda zanar ta gaya wa komai sai Ladidi. Ba don ita ba, sai magariba ta yi kafin a ce ina Malam, kuma da an fara nema ne a kasuwa da gidajen suna.

Tanimu ne ya shige gaba. Ana zafin da dutse ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Daga falalen da suke shan shayi hanya ta rabu kashi-kashi, kowace kamar 'yar'uwarta, wata ta kai ka bakin gangare, wata ta mayar da kai inda ka fito. Ciyawar da Malam ya ƙulla duk ta bushe, shanu sun cinye wasu. Tanimu ya riƙa rarrafe yana dubawa, ya samu ƙulli ɗaya, ya rasa biyu, ya koma baya, ya tuna wani dutse mai kama da turmi, ya sake kamawa. Da suka isa bakin kogo babu kowa. Nomau ya ce a shiga ciki, Ladidi ta fashe da kuka. Tanimu ya ce su yi masa shiru. Ya ga wurin da santsi ya goge, ya kwanta rub da ciki a bakin tsagar, ya kasa kunne. Can ƙasa ya ji ƙwas, ƙwas. Malam ne yake buga ɗan shebur a jikin dutse, don murya ta riga ta tafi. A duk faɗin garin Ƙirya, ban da wanda ke cikin ramin, mutum ɗaya ne ya san hanyar nan. Ba don Tanimu ba, ko gari guda aka tayar, sai a kwana uku ana zagaya dutse.

Sai Nomau. Tun suna gida, lokacin da waɗancan biyu suka zabura, shi lambu ya koma ya tsuguna yana kwance igiyar guga daga bakin rijiya. Tanimu ya yi ta masifa, wai ana maganar rai shi yana wasa da igiya. Nomau ya naɗe ta ya rataya a kafaɗa. Ya ce shi dai a saninsa, duk wanda ya ɓace kusa da rami, da igiya ake zuwa nemansa. Ga shi kuwa. Tsagar ƙunci gare ta, ga santsi, ga wari mai hawa kai. Tanimu ya leƙa ya ja da baya. Nomau ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a gindin wata bishiyar ƙirya, ya kafa baya a bango ɗaya ƙafafu a ɗaya, ya riƙa sauka taki-taki yadda yake yi a rijiya. Ya ɗura wa Malam ruwa kaɗan-kaɗan. Ya yage rigarsa ya haɗe karyayyar ƙafar da mai lafiyar. Ya yi masa irin ɗaurin da mahaƙa ke yi wa wanda ƙasa ta rufta wa, wanda ba ya shaƙe ƙirji. Biyu suna ja daga sama, shi yana turawa da kafaɗa daga ƙasa, bayansa duk ya saɓule. Da aka fito, ya saro itace biyu, ya yanka igiyar gida huɗu, ya ɗaure buhu a tsakani, suka ɗora Malam. Wanda ya gan su suna saukowa ya ce sai da gabansa ya faɗi, don abin ya yi kama da makara. Ba don Nomau ba, da sun tsaya ne a bakin rami suna kallon mutum yana mutuwa.

Kun san abin da Sallau ya fara faɗa da muryarsa ta ɗan dawo? Bai ce ƙafata ba. Cewa ya yi, "An rufe mini dashe?" Ladidi ta ce, "Na rufe, Baffa." Ya lumshe ido. Kafin magariba suna asibiti. Likita ya ce da ya kai gari ya waye a ramin nan, ƙishirwa kaɗai ta ishe shi.

Da a nan labarin ya ƙare, da ni ne zan fara yi musu godiya, in ce abin da ya wuce ya wuce. Amma saura ku ji abin da ya fi ƙona mini rai.

Kwana ashirin da huɗu Malam ya yi a asibiti. Ban ce ba su kula da shi ba. Ladidi kullum da kwanon abinci. Tanimu ya rufe shago yana zaman jinya. Nomau shi ke ɗaga shi yana kwantarwa. Kullum sai ya tambaya, yaya lambu? Kullum sai wanda ke kusa ya ce, lambu lafiya lau, Malam, kai dai ka ji da kanka. Ba ƙarya suka shirya ba, kowa ya ɗauka haka ne. Ladidi ta leƙa a rana ta biyu, ta ga guga a yashe ba igiya, ta ce ai rijiya ta Nomau ce, shi ya yanka igiya, shi zai kawo wata. Nomau ya ce ai lambun na baffanta ne, ita ce jini, ita ke shiga kullum. Tanimu ya ce shi tela ne, ga mai katanga ɗaya, ga mai ƙofa da ƙofa, ina ruwansa a ciki. Matan unguwa suka tsinke abin da ya rage, da suka ga ya fara bushewa suka daina zuwa. Ni ma da nake muku wannan hayaniya, sau biyu a rana nake wucewa ta ƙofar, ban taɓa tura ta ba. Ban wanke kaina ba, kuma wannan yana cikin abin da ke ci na.

Ranar da aka sallamo shi, yana dogara sanduna biyu, ya ce a fara kai shi lambu kafin ɗaki. Ina wurin. Aka tura ƙofa. Ƙasa ta tsattsage. Tumatir ya zama ƙirare a jikin sandunansa. Na'a-na'a ta ƙone ƙurmus. Zanar nan tana nan yadda Ladidi ta rufe ta tun ranar, babu wanda ya sake ɗagawa, abin da ke ƙarƙashi ya zama gari. Attarugun Kande, fangali biyu, ya bushe a tsaye da furensa, ko ɗa ɗaya bai kai ga yi ba. Malam ya ja jiki zuwa bakin rijiya ya leƙa. Ruwa fal, har yana ganin fuskarsa. Ruwa yana nan, taki huɗu daga shuka, lambu ya mutu da ƙishirwa saboda igiya. Tir!

Ya zauna a bakin rijiyar. Sannan ya sa aka ɗauko masa gwangwanin madarar nan daga ɗaki. Ya buɗe. Abin da ke ciki bai cika cokali biyu ba, ragowar na bara ne, don bai saba ajiye da yawa ba tunda kowace shekara sabo na zuwa. Irin attarugu kuwa ba ya jimirin ajiya. In daminar nan ta wuce ba a yafa shi ba, shi ke nan, an gama da attarugun Kande a duniya.

Ya ce, "Likita ya gaya mini ni da duƙawa har abada, ni da dutse kuma sai dai kallo. Kun ceci raina, ban musa ba, Allah ya saka. Lambun nan da irin nan zan ba ɗayanku, ya zama nasa halak malak."

Tanimu ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ai da an raba uku, kowa fangali huɗu, a riƙa taimakon juna."

Ban taɓa ganin Sallau ya fusata irin na ranar ba. Ya buga sanda a ƙasa.

"Uku? Ku ukun ne kuka bar ni a gindin tsamiya, kowa yana cewa ai biyu suna nan! Ku ukun ne kuka kashe lambun nan, kowa yana cewa ai wani ya zuba! Ka duba can, Tanimu, ka ga aikin mutum uku. In zai mutu, ya mutu a hannun mutum ɗaya, in san sunan wanda zan kira. Ba zan raba ko ƙwaya ɗaya ba!"

Sai kuma aka kaure. Mutanen da kwana ashirin da huɗu suka kasa zuba bokiti ɗaya, yanzu kowa ya zama mai son lambu.

Ladidi ta ce, "Baffa, ni na gane ba ka dawo ba. Waɗannan biyun gidan suna da kasuwa suke kira mini. Kuma wa ya san yadda Goggo Kande ke zaɓen iri in ba ni da na zauna gabanta ba?"

Tanimu ya ce, "Kin gane, sai me? Da kin hau, ina za ki dosa? Ni na kai ku bakin ramin. Kuma attarugun nan ba ya yi sai da takin kogo, wa zai ɗauko in ba ni ba?"

Nomau ya ce, "Kun kai bakin rami kun tsaya kuna leƙe. Wa ya shiga? Ku zo ku ga bayana. Rijiyar ma da kuke magana, wa ya haƙa ta, wa zai yashe ta in ta ja baya?"

Ladidi ta juya ta ce masa ai sandar da ya karya ce ta jefa Baffa a ramin. Nomau ya ce da ta amsa sallama, da Malam ya san babu mai zuwa tun daga ƙofar gida. Su biyun suka haɗu a kan Tanimu, suka ce da ya je, da shi ke ɗauke da buhu, da tsoho bai tsallaka santsi da kaya a kafaɗa ba. Abin haushin shi ne duk gaskiya suka faɗa.

Malam ya bar su suka yi har suka gaji. Sannan ya rufe gwangwani ya miƙo mini. Ya ce, "Shekarau, ni zuciyata ta yi zafi, in na zaɓa yanzu da fushi zan zaɓa. Kai ka nemo mini amsa." Ya sa aka datse ƙofar lambu da kwaɗo, ya ce kada wanda ya sake ɗaura wa gugan nan igiya sai mai lambu ya bayyana.

Washegari da safe, kun san abin da muka tarar a ƙofar? Igiya uku, sababbi fil, kowace an naɗe ta tsaf. Uku! Wallahi sai da na ji kamar in tattara su in bi kowa da tasa.

To ga ni, ga gwangwanin, kun ji ƙararsa, ɗan abin da ke ciki ke nan. Shekaranjiya aka yi ruwan farko, ƙasa ta yi sanyi, kuma Sallau yana zaune a zaure kullum yana kallon gabas, in na shigo kallona kawai yake yi. Na auna ta nan, na auna ta can. In na ce Ladidi, sai in tuna ita ce ta ji sallamar tsoho sau uku ta yi shiru, amma kuma ita kaɗai ce ta kalli zana a jingine ta san rai na cikin haɗari. In na ce Tanimu, sai in ga mutumin da dariyar 'yan bakin kasuwa ta raba shi da wanda ya riƙe shi kamar ɗa, sai kuma in gan shi yana rarrafe a kan dutse mai zafi yana neman ƙullin ciyawa. Nomau ya karya sanda ya ɓoye, ya yanka igiya bai mayar ba, kuma shi ne ya tuɓe riga ya shiga inda babu wanda ya yarda ya shiga. Cire ɗaya a cikinsu, da yau sadakar arba'in ɗin abokina muka wuce. Da ɗaya a cikinsu ya tsaya a kan alkawarinsa, da bai faɗa ramin ba, da kuma attarugun yana nan ja wur a jikin uwarsa.

Kada wanda ya ce mini a raba, an riga an rufe wannan ƙofa. Kada wanda ya ce a hana su duka, iri ba zai jira wata damina ba. Suna ɗaya nake so in kai wa Sallau kafin ruwa na biyu ya sauka.

To, ku faɗa mini: tsakanin Ladidi da Tanimu da Nomau, hannun wa zan danƙa wa attarugun Kande?